Tsakanin "Na Kasa" da "Ni Rago Ne"

Kalmar "motsa jiki" ba tsohuwa ba ce a bakin Bahaushe da ma'anar da take ɗauke da ita a yau, wato ware wani lokaci domin a wahalar da gaɓoɓi da gangan saboda neman lafiya, ba domin noma ko su ko fatauci ba. A garuruwan da ke gefen tafkin Kainji, kamar Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, da Yauri, da ƙauyukan Shanga da ke can sama a bakin kogin Kwara, a da can mutane ba su san wani abu mai wannan suna ba, domin neman abinci shi ne ke motsa su tun daga ƙuruciya har tsufa. Gungawa suna tuƙa kwale-kwale da filafili zuwa gonakinsu na albasa, Sarkawa suna jefa birgi tun kafin ketowar alfijir, Kambari suna yini a duƙe da fartanya, mata kuma suna tsakanin turmi da tulu. Wanda ya yini yana jan taru ba ya bukatar wani ya tunatar da shi cewa jiki yana son motsi, abin da yake bukata shi ne hutu.

Sauyi ya zo a hankali. An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohon garin Busa da tsibirai masu yawa, aka sake tsugunar da kimanin mutum 44,000 a sababbin matsugunai, daga baya kuma injin jirgi ya karɓe aikin filafili a doguwar tafiya, babur ya karɓe aikin ƙafa, aka sami malaman makaranta da ma'aikatan sakateriya da dillalan kifi da masu shaguna waɗanda yininsu ke ƙarewa a zaune. Irin wannan bambanci na mai motsi da mai zama shi ne wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya auna a 1953, lokacin da ya kwatanta direbobin manyan motocin Landan masu hawa biyu da kwandastocinsu masu yinin hawa da sauka a matakala, ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba, alhali mota ɗaya suke ciki. Mai riƙe da injin jirgi da mai riƙe da filafili su ma ruwa ɗaya suke kai, amma jikinsu ba aiki ɗaya yake yi ba. Shi ya sa a yau ake samun magidanci a Warra wanda aka gaya masa a asibiti cewa jininsa ya hau ko sukari ya kama shi, aka umarce shi da tafiyar ƙafa, gwargwadon abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi, wato aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a kowane mako, wanda bai wuce rabin sa'a a kullum na kwana biyar ba. Farawa ba ta yi wa irin wannan magidanci wuya, ɗorewa ce ke gagarar sa, kuma duk da cewa rashin lokaci ake ɗora wa laifi, in an bi diddigi akan tarar wata magana ce da ya faɗa wa kansa ta zaunar da shi.

Hausa ta daɗe da sanin wannan magana, ta kuma ba ta sunaye: zancen zuci, saƙar zuci, wasiwasi. Abin lura shi ne harshen yana ɗaukar zuciya tamkar wani mai baki da ke zaune a cikin mutum, shi ya sa ake cewa "zuciyarsa ta raya masa" ko "zuciyarsa ta ce masa kada ya je", kamar ana ba da labarin mutum biyu, mai faɗa da mai saurare. Wannan rabuwa alheri ce babba, domin abin da wani ya faɗa ana iya auna shi, a karɓa ko a mayar masa, saɓanin abin da mutum ya ɗauka shi ne ainihin kansa. Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya nuna cewa zancen zuci ba a cikin mutum yake tsirowa ba, magana ce da yaro ya fara ji daga bakin wasu, ya riƙa maimaita ta a fili yana wasa, sannan ta nutse ta koma ciki. Idan haka ne, muryar da ke ce wa magidanci "dubi girmanka, kana sauri a titi kamar wanda aka koro" tana da asali a waje. Muryar maƙwabci ce da ya tare shi da asuba ya ce "Malam, lafiya?", domin a al'ada babba ba ya sauri sai da dalili, natsuwa a tafiya alamar kamala ce, gudu kuwa na yaro ne ko na wanda wani abu ya biyo. Ga mace abin ya fi nauyi, saboda ko zagayen tsakar gida ta fara, kunyar surukai da dariyar kishiya ko ta 'ya'ya sun isa su zama muryar da za ta riƙa ji ko babu kowa a gidan.

A adabin baka akwai zambo, wato siffanta mutum da muni domin a ƙasƙanta shi, kuma makaɗan fada sun ƙware a kansa wajen kwance wa abokin hamayyar ubangidansu zani a kasuwa. Mummunan zancen zuci zambo ne wanda mai yi da wanda ake yi wa duk mutum ɗaya ne, kuma ƙarfinsa yana cikin ginin jimlarsa. A ɗauki misalin malamin makaranta wanda ya ɗaura niyyar fita bayan sallar asuba, ya gangara bakin tafki inda masunta ke sauke kifin dare, ya juyo gida kafin yara su shirya. Ya yi kwana uku yana fita, cinyoyinsa suna tsami, yana jin daɗin abin a ransa, a dare na huɗu aka yi rasuwa a unguwa ya kwana bai runtsa ba, ko kuwa hunturu ya buso daga kan ruwa da sanyin da ke shiga ƙashi, sai ya idar da salla ya koma ya ja bargo. Abin da ya faru ke nan, kuma jimlar da ta dace da shi ita ce "yau ban je ba" ko "yau na kasa". Amma kafin hantsi zuciya ta sauya jimlar ta mayar da ita "ni dai rago ne", ko raggo kamar yadda mutanen yamma ke furtawa, kuma tsakanin jimlolin nan biyu akwai rata mai faɗi wadda nahawu ke iya nunawa ƙarara.

"Na kasa" jimla ce mai aikatau, wato kalmar aiki, kuma kowane aikatau a Hausa yana tafe da alamar lokaci, don haka abin da ta faɗa ya faru ne a wani lokaci sananne, ya wuce, ya bar gobe a buɗe. "Ni rago ne" kuwa ba ta da aikatau ko kaɗan, suna ne aka jingina wa mutum aka tokare shi da "ne", ƙaramar kalmar da masana nahawun Hausa ke kira dirka, suna aro sunan daga itacen da ake tokare gini ko rumfa da shi domin kada ya motsa. Jimlar dirka ba ta san jiya ba, ba ta san gobe ba, da ita ake cewa "wannan dutse ne" ko "giwan ruwa kifi ne", abubuwan da ba a sa ran su sauya. Duk lokacin da zuciya ta ɗauki fashin kwana ɗaya ta zuba shi a wannan mazubi, ta mayar da abin da ya auku ya zama halitta, kuma babu mai hankalin da zai tashi da asuba domin ya yi faɗa da halittarsa. Likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Aaron Beck, wanda ya kafa hanyar magance damuwa ta gyaran tunani a shekarun 1960, ya lura da wannan a bakin marasa lafiyarsa: tunani ne mai faɗowa da kansa ba tare da an gayyato shi ba, yana ɗaukar kuskure guda ya shimfiɗa shi a kan rayuwa duka, ya liƙa wa mutum laƙabi. Maganin da ya koyar ba yabon kai ba ne, tambaya ce: ina hujjar wannan magana? Kwana uku na fita da kwana ɗaya na fashi ba su isa shaidar ragwanci a gaban kowane alƙali ba.

Akwai wata kalma da ta fi "rago" shiga zancen zuci, ita ce "iya", wadda ta haɗa ma'ana biyu, samun iko da kuma ƙwarewar da aka koya. Ana kore ta ta hanya uku, kuma kowace da inda ta dosa. "Ban iya ba" labari ne na gaskiya game da abin da ba a koya ba, kuma a ƙarƙashinsa akwai "tukuna" ko ba a furta ba. "Ba na iyawa" bayani ne na halin da ake ciki yanzu, kamar mai ciwon gwiwa da ya kasa durƙuso. "Ba zan iya ba" kuwa hukunci ne a kan abin da bai zo ba, kuma abin mamaki shi ne mutumin da ba zai ce "zan je kasuwa gobe" ba sai ya haɗa da in Allah ya yarda, saboda ya san gobe ba a hannunsa take ba, shi ne zai ce "ba zan iya ba" da cikakken yaƙini, ba togiya, kamar an buɗe masa gaibu. Mutanen bakin ruwa sun fi kowa sanin cewa iyawa aba ce da ake samu, domin babu yaron da aka haifa da iyo ko a tsibirin Gungawa, sai ya sha ruwa ya ƙware, ya yi ta fafutuka a gefe inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, kafin wata rana a gan shi a tsakiya. Karin maganar da ke cewa iya ruwa fid da kai ta ajiye ma'aunin a wuri mai sauƙi, ba ta nemi a riga kowa ba, ba ta nemi a burge 'yan kallo ba, ta nemi mutum ya fita da ransa. Mai hawan jini da ke tafiyar rabin sa'a shi ma abin da yake nema ke nan, don haka kwatanta kansa da samarin da ke buga ƙwallo da yamma zalunci ne da yake yi wa kansa.

Ba kowace murya mai cewa "tsaya" ce maƙaryaciya ba, kuma a nan ne wadatar kalmomin Hausa ke da amfani, domin harshen bai tara komai a kwando ɗaya ba. Gajiya haƙƙin jiki ce bayan aiki, kuma da alama tushenta ɗaya da gazawa, tun da "z" takan koma "j" a gaban wasalin "i" kamar a kaza da kaji, amma wanda ya gaji ya yi wani abu ne, hutu kaɗan ya ishe shi. Kasala kuwa, duk da kunne yana haɗa ta da "kasa", ararriya ce daga Larabci, kuma malamai suna bambanta ta da gazawa a sharhin addu'ar nan ta Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ta ambaci abubuwan biyu a jere: gazawa rashin iko ce, kasala kuwa ikon yana nan, nufin ne ya kwanta. Sai ƙiwuya, wadda ƙin aiki ne da gangan, sai son jiki, kalmar da ke ɗauke da abin tausayi a cikinta, domin mai son jikin nan shi ne ke tanadar wa jikin cutar da za ta kwantar da shi. Mafi muni ita ce mutuwar zuciya, inda mutum ya daina jin ciwon halin da yake ciki. Wanda ya iya kiran abin da ke damunsa da sunansa ya san abin yi, mai gajiya ya huta, mai kasala ya sa takalmi ya ce wa kansa minti goma kawai, sau da yawa kuma in jiki ya ɗumama goman takan zama talatin. Shi kuwa wanda ya ji nauyi ko zafi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe masa fiye da ƙima, wannan ba wasiwasi ba ne, jiki magayi ne ya yi magana, wajibi ne ya tsaya ya nemi likita. Alamar da ke raba su a bayyane take, saƙon jiki yana nuna wuri da lokaci, gwiwar hagu, yau, a kan gangara, zambo kuwa ba ya nuna wuri, mutumin gaba ɗaya yake haɗiyewa.

Kishiyar zambo ita ce kirari, kuma Bahaushe bai taɓa ganin aibi ba a ce namiji ya yi wa kansa kirari a gaban aiki mai wuya. Ɗan kokawa da ɗan dambe da maharbi duk suna yi, makaɗi yana kaɗa musu take, wato kiɗan da aka keɓe wa mutum shi kaɗai, maroƙi yana zuga su har tsikar jiki ta tashi. A bikin Rigata na Yauri, wanda ake danganta asalinsa da jarumtar Gungawa a kan ruwa da farautar dorina, matuƙa suna tseren kwale-kwale filafilansu na faɗawa ruwa lokaci guda, kuma duk wanda ya tsaya a gaɓa ya san cewa kiɗa da ihun zuga suna cikin abin da ke tura jirgin. Binciken zamani ya tabbatar da abin da filin kokawa ya sani. A 2014 wasu masana a Birtaniya sun koya wa mahaya keke kalmomin ƙarfafa kai, suka tarar tsawon lokacin da suke jurewa kafin su sare ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100, kuma aikin ya riƙa yi musu sauƙi a ji duk da nauyinsa bai ragu ba. A shekarar kuma Ethan Kross na Jami'ar Michigan ya nuna cewa mutumin da ke yi wa kansa magana da sunansa, ko da "kai" maimakon "ni", ya fi natsuwa a gaban abin tsoro, saboda ya ɗan ja da baya ya kalli kansa kamar yadda zai kalli aboki. Mai kirari ya daɗe yana haka, yakan ambaci sunansa da na ubansa kamar yana gabatar da wani.

Sai dai kirari yana da iyaka, kuma kuskure ne a ɗauka shi ne dukan magani. An yi shi ne domin ranar fage, lokacin da jini ya ɗauki zafi kuma idanu suna kallo, ba domin asubar Talata mai sanyi da babu makaɗi babu ɗan kallo ba. Bugu da ƙari shi ma da dirka yake aiki, "ni ne wane, gagara gasa", don haka wanda ya tsere wa "ni rago ne" ya faɗa "ni gwarzo ne" bai bar gidan suna ba, ɗaki kawai ya sauya, kuma ranar da gwarzon ya makara zambo zai dawo da hujja a hannu. Abin da ya fi ɗorewa shi ne magana mai aikatau, mai ƙidaya, wadda ba ta yabo ba ta zagi: jiya an fita, yau ba a fita ba, gobe bayan salla za a gangara har wurin da ake shanya taru. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 na tsawon mako 12 suna ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna cewa matsakaicin lokacin da abu ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18 wasu kuma, bisa ƙiyasi, har 254, kuma fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Abin da ke rushe shi shi ne fassarar da aka yi wa fashin. Hadisin da Nana A'isha ta ruwaito game da fifikon aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne sananne ne a kowace makarantar zaure, Bahaushe kuma ya ce yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Abin da ke ba zancen zuci ƙofa a makonnin farko shi ne jinkirin sakamako, domin tsamin jiki yana zuwa washegari, saukar hawan jini kuwa sai an yi makonni, raguwar tumbi ta fi haka daɗewa, sai zuciya ta ce "ina amfanin?". Mazauna bakin Kainji suna da misalin wannan a ƙofar gidansu. Kogin Kwara cika biyu yake yi a shekara, akwai farin ruwa mai laka wanda damunar yankin ke kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma baƙin ruwa, tatacce, wanda ke isowa a tsakiyar rani lokacin da babu ko gajimare a sama, kuma ruwan sama ne da ya zuba a tsaunukan Gini watanni da suka wuce, ya tsaya ya bazu a fadamun Mali kafin ya gangaro. Baƙon da ya ga ruwa yana ƙaruwa a watan Janairu zai rasa dalili, masunci kuwa ya san damunar da ta haife shi.

Hausa tana da alamar lokaci guda da ta keɓe wa abin da aka saba, ita ce "kan", wadda nahawu ke kira lokaci sabau, kamar a "yakan fita da asuba". Wannan jimla ba ta faɗuwa a ranar farko, kuma ba ta ƙaryatuwa da fashin kwana ɗaya ko biyu, domin wanda yakan fita yana iya kwana a gidan rasuwa ya makara, jimlar tana nan daram. Galibi ma ba mai aikin ne ke fara furta ta ba, mutanen hanya ne. Masuntan da suka riƙa ɗaga kai daga kan tarunsu a makon farko suna tambayar malamin makarantar nan ko lafiya yake sauri haka, bayan wata biyu ko uku sun daina tambaya, sai gaisuwa da ɗaga hannu, ranar da kuma ba su gan shi ba, in ya iso washegari, ɗaya daga cikinsu zai ajiye kwaryar kwarfar ruwa ya ce, "Malam, jiya ba mu gan ka ba, lafiya?"